An Sare Kan Haƙorin, An Bar Saiwar: Nazarin Lamarin Haƙorin Ƙurya da Ya Zauna a Kan Jijiya

## Asalin lamarin

Wannan nazari ne na aikin koronektomi, wato yanke kan haƙorin ƙurya a bar saiwarsa don kada a taɓa jijiya. Matar da ya shafa malamar makaranta ce, shekarunta 34 lokacin da ciwon ya soma. Lafiyarta ƙalau: ba ta da ciwon sukari, ba ta shan taba, kuma ba ta kan wani magani na kullum. Haƙori ɗaya ne ya dame ta, turmi na uku na ƙasa ta ɓangaren hagu, wanda yake can ƙurya a ƙarshen jere. Likitocin haƙori suna rubuta shi da lamba 38. Haƙoran ƙurya su ne autan baki, sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, bayan sauran 28 sun riga sun kama wuri. In muƙamuƙi ba shi da sauran fili sai haƙorin ya maƙale, ko dai ya zauna cikin ƙashi gaba ɗaya, ko ya leƙo da rabin kansa ya tsaya. Nata ya leƙo ya tsaya. Gaban kansa yana waje, bayansa kuma wata fatar dasashi ta rufe shi kamar murfi, ƙarƙashinta akwai aljihun da buroshi ba ya isa.

Sai an san abin da ya same ta a baya za a gane duk matakin da ta ɗauka. Tana da shekara 27 aka cire mata takwaransa na dama, lamba 48, duka da saiwarsa. Da allurar kashe zafi ta sake ta, ko'ina ya dawo daidai ban da rabin leɓenta na ƙasa da haɓarta ta dama. Wurin ya mutu murus. Takan ciji leɓen ba ta sani ba, ruwa yakan zubo ta gefen bakinta sai wani ya nuna mata, in kuma tana magana a gaban ɗalibai sai ta riƙa jin kamar leɓen ya kumbura ya yi nauyi, alhali a madubi babu abin da ya canza. Ji ya fara dawowa a wata na uku, da farko kamar tururuwa na yawo ƙarƙashin fata, ya daidaita wajen wata na biyar. Har yanzu akwai ɗan wuri kamar faɗin farce a haɓarta da jinsa bai kai na sauran ba.

Dalilin hakan yana cikin ginin muƙamuƙi. A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, kowane ɓangare, akwai wani siririn rami kamar bututu. Yana shiga ta baya daga ciki, ya bi ta ƙarƙashin saiwoyin turame, ya fito ta wata ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin ƙananan turame. Jijiyar da ke kwance a cikinsa ita ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ji daga haƙoran ƙasa da leɓen ƙasa da haɓa na wannan ɓangaren. Ba ta motsa tsoka, shi ya sa leɓen da ta ji wa rauni ba ya karkacewa, kuma mai kallo ba zai ga komai ba. A cikin duk haƙora, saiwar haƙorin ƙurya ce ta fi kusa da wannan bututu. Ga yawancin mutane akwai ƙashi tsakaninsu. Ga wasu babu.

## Wata na 1 zuwa na 11: magani, kurkurar baki da yanke fata

A wata na farko dasashin da ke kan haƙorin ya kumbura, ya yi ja, yana zafi in ta tauna, kuma tana jin ɗanɗano mara daɗi daga wurin. Wannan shi ne kumburin da likitoci ke kira perikoronaitis: ragowar abinci da ƙwayoyin cuta sun taru a ƙarƙashin murfin. Likitan haƙorinta ya wanke aljihun da ruwan gishiri na asibiti ta sirinji, ya ba ta ruwan kurkurar baki na kulohezidin mai ƙarfin kashi 0.2 cikin 100 da maganin zafi. Cikin kwana biyar ya lafa. Ba a yi maganar cirewa ba, kuma hakan ya dace da ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, ta fitar a 2000, wadda ta ce kumburi na farko, in dai bai yi tsanani ba, bai isa dalilin cire haƙorin ƙurya ba, na biyu da na bayansa su ne dalili.

Na biyun ya zo a wata na 5, ya fi na farko. Kuncinta ya ɗan tasa, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Aka sake wankewa, aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na metironidazol miligiram 400 sau uku a rana na kwana biyar. Likitan ya kawo shawarar cirewa, ta ƙi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi.

Sai aka nemi hanyar tsakiya. An lura haƙorin ƙurya na sama, lamba 28, ya zazzago yana cizon murfin duk lokacin da ta rufe baki. A wata na 6 aka cire shi, aiki mai sauƙi domin na sama ba ya kusa da waccan jijiya, kuma aka yanke fatar da ta rufe kan na ƙasan. Wata huɗu ta samu sararawa. Amma bayan haƙorin yana jingine da ƙashin da ya miƙe zuwa gaɓar muƙamuƙi, babu filin da dasashi zai kwanta, don haka fatar ta sake tofowa ta hau kansa kamar ba a taɓa ta ba.

Kumburi na uku, a wata na 11, shi ne mafi muni. Zafin jikinta ya kai digiri 38.2. Bakinta da kan buɗe milimita 44 tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa ya tsaya a 22, haɗiya ta zama wahala, kuma mugunya na fitowa in an danna wurin. Aka ba ta wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, amoksisilin, miligiram 500 sau uku a rana tare da metironidazol. Ta yi kwana shida ba ta shiga aji ba. Ciwo a wannan wuri yana iya bin ƙarƙashin muƙamuƙi ya gangara wuya har ya matse hanyar numfashi, kuma likitan ya faɗa mata haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta yarda a tura ta wurin likitan fiɗar baki.

## Wata na 12: abin da hotuna suka nuna

Likitan fiɗa ya fara da hoton eksire mai faɗi, wanda ke nuna muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne. A irin wannan hoto bututun jijiya yana bayyana kamar baƙar hanya tsakanin fararen layuka biyu, layukan kuwa su ne siririn ƙashin da ke bangonsa. A 1990 masu bincike Rood da Shehab suka wallafa alamomi bakwai da ake dubawa don sanin ko saiwa ta yi kusa da bututun fiye da kima, uku daga ciki suka fi nuna haɗari: saiwa ta yi duhu a inda bututun ya ratsa ta, farin layin ya katse, ko bututun ya kauce daga hanyarsa. Hoton matar ya nuna biyu na farko.

Sai dai hoto mai faɗi inuwa ce kawai. Abu biyu na iya hawa kan juna a hoto alhali ɗaya yana gaba ɗaya yana baya, da ƙashi a tsakaninsu. Don haka aka ɗauki hoton CBCT, wanda ke yanka muƙamuƙin filla-filla a kwamfuta a gan shi ta kowace fuska. Ya nuna saiwoyi biyu da suka gama girma. Bututun ya bi ta gefen harshe, ya manne da saiwar baya na tsawon kusan milimita 4, babu ƙashi ko kaɗan a tsakani. A wannan wuri bututun ya baje maimakon ya zama zagayayye, saiwar kuma tana da ɗan kwari a jikinta inda jijiyar ta kwanta. Duhun da aka gani a hoton farko wannan kwarin ne: saiwar ta fi siranta a nan, haske ya fi ratsa ta.

An duba haƙorin kansa. Babu ruɓa a kansa, ba ya girgiɗa, ya amsa gwajin sanyi, wato ɓargon cikinsa yana da rai, kuma babu duhun ciwo a ƙarshen saiwoyin. An auna aljihun dasashi a bayan maƙwabcinsa, lamba 37, ya kai milimita 6.

## Wata na 12: zaman shawara

A aikin cire haƙoran ƙurya na ƙasa gaba ɗaya, raunin jijiya na dindindin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan lissafi na kowa da kowa ne, da masu saiwa nesa da jijiya da masu saiwa a kanta. Ga wanda hotonsa ya nuna irin alamomin da nata ya nuna, lissafin daban ne. Shekaru ma suna da nasu: bayan 25 saiwa ta gama girma, ƙashi ya ƙara tauri, jijiya kuma ba ta saurin warkewa kamar ta matashi.

Likitan ya shimfiɗa mata abin da zai yiwu. A bar haƙorin a ci gaba da maganin kumburi duk sanda ya taso. A cire shi duka. A sa masa waya a riƙa jawo shi sannu a hankali na watanni har ya nisanci jijiyar sannan a cire, hanyar da ke cin lokaci da zirga-zirga. Ko kuma a yi koronektomi: a yanke kan haƙorin, wanda shi ne ke haɗe da baki yana tara ƙazanta, a bar saiwar a inda take, kada a taɓa ta, a rufe ta da dasashi.

Tambayarta ta farko ita ce wadda kusan kowa ke yi: "Likita, ba an ce in guntun haƙori ya rage a ciki ruɓewa yake yi ba?" Amsar da ya ba ta ita ce guntun da ke ruɓewa shi ne na haƙorin da ya riga ya mutu ko ya kamu da ciwo. Saiwa mai rai, wadda jini ke shigar ta ta ƙarshenta, in aka binne ta ƙarƙashin dasashi ba tare da hanyar da ƙwayoyin baki za su kai gare ta ba, jiki yakan karɓe ta, ƙashi ya tsiro ya rufe ta.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Ecuyer da Debien suka fara bayyana ta a Faransa a 1984, amma ta daɗe ba ta samu karɓuwa ba saboda wannan tsoron na barin saiwa. Gwaje-gwaje biyu suka juya ra'ayi. Na farko, wanda Renton da abokan aikinta suka wallafa daga Landan a 2005, ya ƙunshi mutum 128 da haƙora 196 masu alamun haɗari. Cikin 102 da aka cire duka, an samu raunin jijiya a 19. Cikin 94 da aka nufi yi wa koronektomi, saiwar ta motsa a 36 ana cikin aiki, dole aka fitar da ita, kuma 3 daga cikinsu sun samu rauni. Cikin 58 da saiwar ta zauna daram, ko ɗaya babu. Na biyu, na Leung da Cheung a Hong Kong a 2009, ya kwatanta haƙora 178 da aka cire duka da 171 da aka yi wa koronektomi: raunin jijiya 9 a rukunin farko, 1 a na biyu.

Ya kuma faɗa mata abin da za ta ɗauka in ta zaɓi wannan hanya. In saiwar ta motsa ana cikin aiki, za a fitar da ita nan take, domin saiwar da ta girgiɗa ta rabu da jininta, barinta neman ciwo ne. Saiwar za ta iya tasowa sama a hankali bayan aiki, wani lokaci har ta ɓullo ta dasashi a nemi aiki na biyu. Kuma za ta riƙa dawowa ana ɗaukar hoto na aƙalla shekara biyu. Ta sa hannu a takardar amincewa da ta ƙunshi duka biyun, yanke kai da kuma cirewa gaba ɗaya in hali ya tilasta.

## Wata na 13: ranar aiki

An jira sai da kumburi ya kwanta gaba ɗaya, baki ya koma buɗewa milimita 43. An yi aikin da allurar kashe wuri, lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 da adirenalin. Likitan ya tsaga dasashi ta gefen kunci ya ɗaga shi, ya gurza ƙashi kaɗan har wuyan haƙorin ya bayyana, wato inda farin ɓawon kai ya ƙare saiwa ta fara.

A nan likitoci suka rabu gida biyu, kuma bambancin ya shafi abin da ya biyo baya. Ta gefen harshe, dab da ƙashin, akwai wata jijiyar, wadda ke ɗauke da ji da ɗanɗano na rabin harshe. Wasu likitoci sukan ɗaga naman wannan gefen su sa ƙarfe ya kare ta, sannan su yanke haƙorin daga wannan bango zuwa wancan. Wasu kuma ba sa son taɓa wannan gefen sam, sai su yanka kusan kashi uku cikin huɗu, su sa siririn ƙarfe a tsagar su murɗa kaɗan, kan ya ɓalle. Hanya ta farko tana rage ƙarfin da ake sa wa saiwa amma tana kusantar jijiyar harshe. Ta biyu tana nisantar jijiyar harshe amma ɓallewar ba koyaushe take bin layi ba. Likitan ya bi ta biyu.

Kan ya fita gida biyu. Aka taɓa saiwar, ba ta motsa ba. Ya gurza samanta har ta koma milimita 3 ƙasa da bakin ƙashi, zurfin da Pogrel da abokan aikinsa suka bayyana a 2004 domin ƙashi ya samu wurin rufewa. Ba a taɓa ɓargon da ke cikin saiwar ba, ba a kuma cike shi da komai ba, domin bincike ya nuna kwashe shi da cike ramin yana ƙara yawan ciwo ne. Aka wanke da ruwan gishiri, aka ɗinke da zare uku har dasashin ya haɗu. Minti 40 aikin ya ɗauka. Ba a ɗauki hoto ba a ranar.

## Mako na 1 zuwa na 8 bayan aiki

Awa huɗu bayan aiki allurar ta sake ta. Leɓe, haɓa da harshe duk suka dawo. A rana ta bakwai an gwada da zaren auduga da kuma tsinke mai baki biyu, idonta a rufe: ɓangaren hagu yana jin komai. Kumburi ya kai ƙololuwa a rana ta uku, kamar yadda aka saba, ya sauka. Ta sha farasitamol da ibufirofen na kwana huɗu. Baki ya buɗe milimita 31 ranar da aka cire zare, 42 a mako na uku.

A wannan mako na uku aka ga wata ƴar ƙofa kamar kan allura a bayan lamba 37, ta gefen harshe, ba ta rufe ba. Ba ta zafi. Aka ce a ba ta lokaci, ta ci gaba da kurkurar baki.

A mako na shida ƙofar tana nan, kuma tsohon ɗanɗanon ya dawo. In an danna, ɗan ruwa mai launin ƙwai yana fitowa. Babu zazzaɓi, babu kumburin kunci. Likitan haƙorinta na farko, wanda ya fi kusa da ita, ya ba ta amoksisilin na kwana biyar. Ruwan ya tsaya, ya dawo kwana tara bayan ta gama maganin. A lokacin ta fara cewa da ta sani da an cire duka an huta.

A mako na takwas ta koma wurin likitan fiɗa, aka ɗauki ƙaramin hoto na wurin. A kusurwar baya ta saiwar akwai wani ɗan tsini da ya fi sauran fari, tsayinsa kusan milimita 2. Guntun ɓawon kai ne, wanda ya rage a gefen da aka ɓalla ba a yanka ba, a lungun da ido ba ya kaiwa sosai in jini na kwarara. Ƙarshen saiwoyin lafiya lau, babu duhu. Saiwar ta taso kusan milimita 1.

## Mako na 9: aiki na biyu

Tambayar ita ce a fitar da saiwar ko a gyara samanta. Milimita 1 bai raba ta da jijiya ba, har yanzu kwarin yana rungume da bututun. Saiwar ba ta girgiɗa, kuma ciwon a sama yake, bai gangara ƙasa ba. Aka zaɓi gyara.

An sake ɗaga dasashin, aka kwashe jan naman da ya taru kewaye da tsinin, aka gurje tsinin har ya ɓace, aka sake saukar da saman saiwar zuwa milimita 3 ƙasa da ƙashi ta kowane gefe. Wannan karon an busar da wurin an duba da gilashin ƙara girma, domin ɓawon kai yana da sheƙi da fari irin nasa, jikin saiwa kuwa ya fi rawaya-rawaya da dushewa. An ɗauki hoto kafin a ɗinke. Minti 20 ya isa. Bayan kwana 14 dasashin ya rufe ruf, babu ƙofa, babu ruwa. Ji bai canza ba.

## Wata na 6, na 12 da na 24 bayan aikin farko

A wata na 6 saiwar ta taso milimita 2.5 daga inda take tun farko, kuma a karon farko hoto ya nuna farin layin saman bututun ya haɗe, ƙashi ya shiga tsakaninsa da ƙarshen saiwar. A wata na 12 tashin ya kai milimita 3, ƙashi ya fara rufe samanta, aljihun da ke bayan lamba 37 ya ragu daga milimita 6 zuwa 3. A wata na 24 ba ta ƙara motsi ba, ƙashi ya rufe ta. Wannan ya yi daidai da abin da aka saba gani: yawancin tashin yana faruwa ne a watanni 6 zuwa 12 na farko, sannan ya tsaya. Tun aiki na biyu ba ta sake shan maganin ƙwayoyin cuta saboda wannan wuri ba.

## Abin da ya ci nasara, abin da bai ci ba, da dalili

Wanke aljihu da kurkurar baki da ƙwayoyin magani sun yi abin da za su iya, wato kwantar da kumburin da ya taso, kuma a wata na 11 maganin ya hana abu ya gangara wuya. Amma aljihun yana nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Yanke fata kuwa, a ganina, tun farko ba shi da makoma a wannan baki. Yana aiki ne in haƙori ya miƙe kuma akwai fili a bayansa, nata babu. Da an ɗauki hoto mai faɗi a wata na 5, lokacin da ta ƙi cirewa, da an gane cewa tsoronta yana da tushe a ƙashinta, da kuma an kawo maganar koronektomi kafin kumburi na uku. An riƙa kallon ƙin nata a matsayin fargaba da za a lallasa, alhali bayani ne na asibiti: wadda jijiyarta ta dama ta taɓu, akwai dalilin a zargi ta hagu.

Hoton CBCT bai rage haɗari da kansa ba, abin da ya yi shi ne ya canza shawarar. Da ya nuna ƙashi tsakanin saiwa da bututu, da cirewa duka ita ce daidai, a gama a wuce.

Jijiyar ta tsira saboda dalili ɗaya: ba a motsa abin da ke manne da ita ba. Rauni yakan faru ne lokacin da ake ɗaga saiwa, ƙarshenta ya danne jijiya ko ya ja ta, ko lokacin da injin yanka ya gangara zurfi. Koronektomi yana tsayar da duk aikin a sama, nesa da wurin. Ciwon dasashi kuma ya ƙare saboda kan haƙorin ne ke riƙe da ƙofa a buɗe tsakanin baki da ƙashi, da aka ɗauke shi ƙofar ta rufe.

Makonni tara da aka yi ana fama, guntun ɓawo mai milimita 2 ne ya jawo su. Ƙashi da naman dasashi suna iya manne wa jikin saiwa, amma ba sa manne wa ɓawon kai, domin kusan duk ma'adini ne, ba shi da zaren da nama zai kama. Duk inda ya rage, fata sai ta bi gefensa ta gangara, ta bar hanya. Ma'ana, an bar ƙaramin haƙorin ƙurya a ciki da nasa ƙaramin aljihu. Hoto ɗaya a ranar aiki da wataƙila ya kama shi tun tana kan kujera. Ƙofar da aka gani a mako na uku ita ma ta isa a ɗauki hoto. Maganin mako na shida kuwa maimaita kuskuren farko ne, an ba da ƙwaya ba a nemi tushe ba.

Lamari ɗaya ba ya tabbatar da cewa da an cire duka da jijiyar ta lalace. A gwajin Landan ma, kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka cire musu duka sun fita lafiya. Abin da za a iya cewa shi ne ta musanya haɗarin da ba lallai a iya gyara shi ba da wanda ake iya gyarawa, kuma na biyun ya same ta, aka gyara shi cikin minti 20. Musayar ba ta kowa ba ce. Ba a yin ta in haƙorin ya ruɓe har ɓargo, ko ya mutu, ko yana girgiɗa, ko akwai ciwo a ƙarshen saiwa, ko ya kwanta a kwance bisa bututun ta yadda yankan ma zai taɓa jijiya. Ba a kuma son ta ga mai raunin garkuwar jiki, ko mai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, ko wanda aka gasa wa muƙamuƙi da hasken maganin ciwon daji. Sannan ba ta dace da wanda ba zai iya dawowa a duba shi ba. Da wannan mata ta daina zuwa bayan an cire zare, da ƙofar ta ci gaba da zubar da ruwa har ciwon ya gangara cikin saiwar, a koma cire ta a kan jijiya, abin da aka yi duk wannan don a guje masa.

Saiwoyin biyu suna nan a muƙamuƙinta. An rubuta haka a katinta, da kwafin hoton wata na 24, domin kada wani likita ya gan su nan gaba ya ɗauka ragowar aikin da ya lalace ne ya shiga tono. An sallame ta zuwa dubawar haƙori ta yau da kullum, da sharaɗin ta dawo in ta ji tsini ko zafi ko ɗanɗano a wurin. In hakan ta faru aka buƙaci fitar da su, yanzu akwai ƙashi tsakaninsu da jijiyar.